Mishmish da Jallabiyar Yaya Sabri

Iskandariyya

Ƙanwata Insaf,

Assalamu alaikum. Ya garin Aswan, ya mai jego da jikar tamu? Allah ya raya.

Karen nan da kika bar mini zai haukata ni. A gida Mishmish lafiya lau yake, amma da mun fita bakin teku ya hango wani kare, sai haushi har numfashinsa ya sarƙe. Jiya ya tsorata ƙaramin karen Madam Afaf ta hawa na biyu. Ta tara mutanen bene, sun ce in bai daina ba kafin ƙarshen wata, zai bar gidan. Na ba shi cuku, na yi masa tsawa, har lallashi na yi. Na rasa gane kansa.

Yayanki Sabri

Yaya,

Wa alaikumus salam, duk muna lafiya. Wasiƙarka ta ɗaure mini kai. Mishmish da haushi? Tun marigayi Ramzi na da rai yake fita da shi, ko kyanwa bai taɓa yi wa ba. Anya karen nawa kake fita da shi? Yaya, ka san tun rasuwar mijina shi kaɗai ke jirana a bakin ƙofa. In aka kore shi ban san yadda zan yi ba. Gaya mini yadda kuke tafiya.

Taka, Insaf

Insaf,

Gaisuwa mai yawa. Yaya kuwa muke tafiya, da ƙafa mana! Muna fita kafin la'asar don in zarce masallaci, in bar shi wurin mai gadi. Da na hango kare sai in naɗe igiyar a hannu, in tattare jallabiyata zuwa gwiwa kada yawu ya taɓa ta, in maƙale jikin bango ina a'uzu billahi. Duk wannan kulawar, shi kuma sai ƙara haukacewa. Ko maganin tsutsa zan ba shi?

Sabri

Yaya,

Bayan gaisuwa, na yi dariya har jaririya ta farka, daga baya kuma na yi kuka. Ba tsutsa ba ce. Ya ga dattijo ya kwashe riga, ya shaƙe masa wuya, yana rawar murya a jikin bango, me kake so ya ɗauka? Gani yake za a cinye ka. Kai yake karewa, Yaya. Ka yi sallarka tukuna, ka sa tsohon wando, ka sassauta igiyar. Don Allah ka gwada.

Ƙanwarka

Insaf,

Salam. Na gwada. Karen Madam Afaf ya zo ya lashe mini ƙafa. Mishmish ko haushi bai yi ba, ni ne na yi ihu. Ta ce ta janye ƙara a kansa, amma ni a sa mini ido. Na wanke ƙafar.

Har yanzu ban gane abin da ya gani a jikina da zai tsaya mini haka ba. Yanzu ni ma yana jirana a bakin ƙofa. Kada ki yi gaggawar dawowa.

Yayanki