Kunci Ɗaya Na Shafa

Daren Laraba, Babura

Yau man hana tsufan nan ya ƙare. Mai tallan da ke kawo shi daga Nijar har rantsuwa ta yi wai zai goge tamoji. Ban yarda da ita ba, shi ya sa kuncin dama kaɗai nake shafawa, in gani da idona. Madubi dai bai nuna min komai ba.

Na kira 'yata Hadiza ta bidiyo, na ce, "Duba fuskata, wane gefe ya fi?"

Ta ce, "Umma, duk ɗaya ne. Zan kira ki an jima."

Shiru har yanzu.

Da Malam na raye, da tuni ya gano ni, ya ishe ni da tsiya. Ni tamojin bai dame ni ba. Mai kallon fuskar ne babu.