Kalmomin da Na Hana Ki

Zuwa ga Hajiya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san takardar nan ba za ta same ki ba, ba a kai wasiƙa maƙabarta. Ko kina raye ma dariyar ajamina za ki yi, ki ce kaza ta taka tawada. Ki yi haƙuri, ba ni da wani kunnen da zan gaya wa.

Muna nan unguwarmu ta Zahir a Makka. Mai gida ya ce zai rushe benen ya gina masaukin alhazai. Malam Sani mai shayi ya rasu bayan Hajji. Jikokinki kuwa in na gaishe su da Hausa sai su dube ni kamar tari na yi.

Autarki Ramlatu ta zo hutu daga ƙasar Urdun. Shekararta ta biyu ke nan a digiri na biyu na gyaran magana, karatun da na riƙe takardar fitarta shekara guda bayan rasuwarki na ƙi sa hannu. Har yau ban gane shi ba. Mace da girmanta ta zauna gaban mai in'ina tana "ba, ba, ma, ma", wata malama a bayan gilashi tana rubuta kuskurenta, wai sai ta cika sa'o'in da aka yanka mata kafin a bar ta da mara lafiya ita kaɗai. Ni a sanina Allah ke buɗe baki, Shi ke rufewa.

Kin tuna ranar da aka gwada ki a asibiti, bayan ɓarin jikinki ya shanye? Likitar ta riƙa ɗaga miki hotuna tana tambaya da Larabci. Shekara arba'in kina ciniki da Larabci a kasuwa, ciwon ya share shi tas, ya bar miki Hausar Daura gutsi-gutsi. Suka rubuta wai ba kya fahimta. Ke, Dije? Ke da kike gane ƙaryata tun ina bakin ƙofa?

Ramlatu ce ta gano Hausa ce ta rage miki, lokacin ta gama digirin farko a Jidda. Ita kuwa Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ta durƙusa ta roƙe ni in ba ta sunayen kayan ɗakin mata na can gida, da waƙar daka, da sunayen ƙannenki, ta yi miki katuna da su. Wa ya fi ni riƙe waɗannan? Ni da har gobe zan lissafa duk zangon da ayarinmu ya yada daga Daura zuwa bakin teku. Na ƙi. Wata rana na shigo na tarar ta kafa miki madubi tana nuna miki yadda ake haɗa leɓe, yawu na zubo miki. Na kife madubin. Na ce ba za a mai da matata 'yar goye a gidana ba. Kika kama gefen rigata da hannun da ya rage miki. Na ɗauka godiya kike yi. Dije, godiya ce? Wata bakwai kika yi bayan nan, ba ki ƙara furta komai ba.

Yanzu binciken da za ta kammala da shi ke nan: gwajin magana da Hausa, don kada a sake rubuta wa tsofaffinmu na Makka abin da aka rubuta miki. Malamanta sun ce ta kawo muryoyin masu Hausa tsantsa ko ta canza batu, su ba su san wannan yaren ba. Yare! Ta zagaye unguwar Kudai, ma'aikata suka ga na'urar ɗaukar murya suka watse, kowa na tsoron a taɓa igamarsa, takardar izinin zama. Ni ba ta tambaye ni ba. Ta dai ajiye na'urar a kan tabarmata ta shiga kicin.

Bayan la'asar na kira ta. Tana ɗaga hoto, ina faɗa. Ta zana akushi ta rubuta ƙwarya, na yi mata faɗa. Muka bi maburgi, faifai, ludayi, na nuna mata tukunyar ruwa da randa ba ɗaya ba ne. Kwana uku muna yi. Ashe kalmomin duk suna nan, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. A kwana uku na ba inji abin da na hana ki wata bakwai.

Da muka gama na tambaye ta ko da na bari da kin yi magana. Na so ta ce a'a in huta. Ko ta ce i, in sami abin yin faɗa. Sai ta ce an koya musu kada su yi wa dangi alkawari, kada kuma su yanke musu ƙauna. Ta ci gaba da naɗe igiyar na'urarta. Wannan shi ne karatun? Shekara biyu a ƙasar mutane don a koyi hana uba amsa?

Jibi za ta koma, batun nata ya tsira. Ban ba ta haƙuri ba, kin san ni. Ke ma ban san ta inda zan fara ba. Ki yafe in kin ga dama. In ba ki yafe ba, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Allah Ya jiƙan ki. Sai na zo.

Mijinki mai taurin kai,
Ilu na Zahir