Na Kira Inna a Gaban Surukina

Malama Ladidi, ki taimaka mini da shawara, don abin ya tsaya mini a wuya. Ban yi boko ba, maƙwabcina Ɗanjuma tela ke rubutawa, kuma na sa shi ya yi rantsuwa ba zai faɗa wa kowa ba.

Ni maharbi ne, ɗan maharbi, daga wajen Rawayya. Shekarata hamsin ina sanɗa da burtu a ka. Na kwanta cikin ciyawa gwanki na kiwo kusa da ƙafata bai sani ba. Duk wanda ke son sanin wa ya fara saran gonar wane, ko shekarar da fari suka cinye gero, wurina yake zuwa. Ban taɓa rage komai a labari ba, ko na ubana ne.

Wata biyu da suka wuce na je Gusau a duba mini gwiwa, na sauka gidan ɗiyata Bara'atu. Bayan la'asar na iske mijinta Lukuman gaban talabijin yana wasan nan da suke kira gem. Mutum ne ke laɓe-laɓe cikin wani kangon gida, wata halitta maras ido tana nemansa. Sau bakwai tana kama shi a ƙofa guda, saboda gaggawa. Na ce ya ba ni abin dannawar. Ya nuna mini na tafiya da na durƙuso. Na cire takalmina, don ba a sanɗa da takalmi.

Malama, na wuce ƙofar nan tashin farko. Na wuce ɗaki huɗu. Lukuman har ya gyara zama.

Maharbi ba ya motsi sai ya san inda iska ta dosa. A daji toka nake saki. Nan kuwa na ga labule na kaɗawa cikin kangon, na karanta iskar, na laɓe inda warina ba zai kai mata ba. Hankalina kwance. Sai ga ta a bayana, da ƙara, fuskarta ta cika talabijin. Na jefar da abin dannawa, hulata ta faɗi, bakina ya ce wayyo Inna. Inna da ta rasu tun ina da baƙin gemu!

Ni dai na san ha'inci ne, babu dabbar da ke zuwa haka. Amma Lukuman ya ɗauko hular ya miƙo mini da hannu biyu, bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi mini dariya ciwo. Washegari na koma gida, ban sake taka Gusau ba. Yanzu Bara'atu ta sauka, suna ranar Asabar, kuma an ce sunana za a sa. In je in haɗa ido da shi, ko in ce gwiwa ce?

Tsohon Maharbi, Bunguɗu

Amsar Malama Ladidi: Baba, Allah ya raya. Na fahimci nauyin da kake ji. Kunyar suruki ba wasa ba ce. Kuma kana da gaskiya a wani wurin: masu ƙera waɗannan wasanni don firgita mutane suke yin su, labulen ado ne kawai, babu iska a ciki. Ilminka bai yi ƙarya ba, wurin ne ba daji ba.

Amma ka duba ɗaya gefen. Wata biyu ke nan, ka ji labarin a bakin wani? Lukuman ya rufa maka asiri, kai kuma kana hukunta shi da ƙaurace masa. Bara'atu ma tana can tana tunanin ko wani laifi suka yi maka. In ka fake da gwiwa, ka fara ƙarya da tsufanka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ka shiga mota ranar Juma'a. Ka keɓe da Lukuman ka yi masa godiya. In ka ga dama, ka ba da labarin da bakinka bayan an watse, daga ƙofar da ka wuce har faɗuwar hula. Wanda ya riga kowa yi wa kansa dariya, babu mai yi masa ita. Allah ya ƙara lafiya, ya raya takwara.