Auren Tsohuwar Fulam

Asabar, 19 ga Janairu
Sanyi kamar me. Na yanko rassa daga tsohuwar bishiyar fulam ɗin nan mai 'ya'ya kamar manyan ɗinya da Baba ya shuka, masu kaurin fensir, na naɗe da jiƙaƙƙiyar jarida na tura firji. Cikin bishiyar ya ruɓe, ba za ta ga baɗi ba. In ban yi mata aure da wasu itatuwa bana ba, irin ya tafi ke nan. Duk jiharmu ta Oregon ban taɓa cin mai zaƙinta ba.

Asabar, 9 ga Maris
Ƙananan itatuwan da zan ɗora rassan a kansu sun fara kumburin toho. Lokaci ya yi. Na ɗauki wuƙa, hannu sai rawa. Biyu na ɓata. Na ajiye wuƙar na zauna kan bokiti.

Lahadi, 10 ga Maris
Maribeth, 'yata, ta turo min mijinta Wendell. Mai gyaran haƙori! Mutumin da ko tumatir bai taɓa shukawa ba, ga surutu. Na ce, "Ka san wuƙa kuwa?" Ya ce, "Mama, bakin mutane nake shiga kullum, ita bishiya ai ba ta cizo."

Asabar, 16 ga Maris
Na nuna masa: yanka ɗaya a karkace, a tsaga ɗan harshe a jikin yankan, koren da ke ƙarƙashin ɓawo ya haɗu da ɗan'uwansa, a ɗaure tam, a shafe da kakin zuma. Ya karɓi wuƙar, hannunsa ko motsi. Ban yaba ba, kar kansa ya kumbura. Ya cinye min rabin burodin masara.

Talata, 2 ga Afrilu
Ruwa. Ba labari.

Talata, 23 ga Afrilu
Sun kama! Ganye ƙanana kamar kunnen ɓera, kusan duka. Na kira Wendell a wurin aiki, ya yi ihu har na janye wayar daga kunne. Wai a sa wa ɗaya sunansa. Na ce a sa wa wadda ta karkace.

Lahadi, 5 ga Mayu
Iska mai daɗi, ƙudan zuma ko'ina. Maribeth ta zo ita kaɗai, wai Wendell yana da taro a garin Salem. Sai da muka zauna cin abinci na ga faranti uku na jera. Ta kalle ni tana murmushi. Na ce mantuwa ce, tsufa.

Na dai zuba masa nasa a kwano, ta tafi masa da shi.