Ƙamshin Bakhur a Bayan Talabijin

Zuwa ga Malam, Abu Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin rahama inda kake.

Jiya da hantsi na gane. Na shiga ɗakin aikinka in yi shara, karo na farko tun da na fita takaba, sai na leƙa bayan tsohon talabijin ɗin da ka ɗauko daga kasuwar Umdurman, wanda ya gagare ka shekara uku. Murfinsa a buɗe, yadda ka bari. Ƙurar da ke kewaye da robar bayan gilashin ta yi baƙi, ta yi danƙo. Na sunkuya na shinshina. Malam, hayaƙin bakhur ɗina ne, turaren wutan nan.

Na tuna yadda kake rufe tagogi bayan la'asar, in ka dawo daga shagon ɗinki, ka kira ni in zo in gani. Mu yi shiru har mu ji yana tsaki, can sai wani shuɗin tartsatsi siriri kamar zare ya tsallaka. Kakan ce wuta ba ta tsalle haka kawai, sai an shimfiɗa mata hanya: ƙura, ko laimar damina, ko tsaga a roba. Ka goge, ka sauya robar, ya yi lafiya kwana kaɗan, ya koma tsakinsa.

Ni kuwa duk Juma'a, kana masallaci, nakan shiga da kasko in turara ɗakin, don kada warin ƙonanniyar waya ya kama jallabiyarka. Ashe ni ce mai shimfiɗa hanyar.

Shin ka san ni ce? Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Kai da kake jin warin tartsatsi tun daga ƙofa, yaya ƙamshin turaren sandal zai ɓace maka? Wata Asabar na same ka kana goge wurin kana murmushi, ka ce, "Um Hanan, wannan akwatin ya fi mu gata." Na ɗauka zolaya ce.

'Yarmu Hanan ta ce a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa su kwashe kayan ɗakin duka. Na ce ban da wannan. Ina so in goge shi, in daina turara ɗakin, in ga ko zai yi shiru. Amma ka ce yana riƙe wuta a cikinsa ko an cire shi daga bango, ni kuma ban koyi yadda kake zubar da ita ba, hannu ɗaya a aljihu don kada ta ja ka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya shaƙar da kai ƙamshin da ya fi nawa.

Matarka,
Um Hanan

Baƙin danƙon yana nan. Ban goge ba, ban kunna ba.