Mu Uku Mun Yarda, Saura Ofishinku

Zuwa ga Babban Jami'in ofishin da ke karɓar kuɗin ciyar da 'ya'ya a gundumarmu, Ankara.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Sunana Hajara Adamu, tela ce ni, shagona yana unguwar Maamobi. Na rubuta wannan a fili ne domin wasiƙu biyu na bar wa akawunka, ban kuma san ko sun iso teburinka ba. Na ba limamin unguwarmu kwafi.

Shekara goma sha uku da suka wuce, ni da ƙafata na kawo ƙarar tsohon mijina, Malam Isiyaka, direba a wani kamfani. Aurenmu ya mutu 'yarmu Salamatu tana da shekara bakwai, ya yi wata takwas bai aiko mata da ko sisi ba. Aka yanke hukunci a riƙa cire wani abu daga albashinsa kowane wata har ta gama karatu, in zo ofishinku in karɓa. Da ya yi ritaya aka koma cira daga fanshonsa. Yanzu sidi dubu uku ne. Ofishinku ya yi mini aiki a wancan lokaci, ban manta ba.

Yau ga inda magana take.

Na ɗaya. Salamatu ta cika shekara ashirin. Tana shekara ta biyu a kwalejin koyon aikin jinya a Kumasi, ana ba ta wurin kwana da ɗan alawus. Abin da ya rage ina iya yi mata da keken ɗinkina.

Na biyu. Bayan ƙaramar Sallar bara, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Isiyaka. Hannunsa na dama da ƙafarsa sun daina aiki, maganarsa ma sai wanda ya saba yake ganewa. Yana zaune a unguwar Malam da matarsa Amina, mai sayar da koko da ƙosai, da yara uku ƙanana. Salamatu ce ta je duba shi lokacin hutu, ta tarar yana raba ƙwayar magani biyu domin ta kai shi ƙarshen wata. Ta dawo ta ce mini ita ba za ta ƙara cin wannan kuɗi ba. Na yi kwana biyu ina tunani, na ga gaskiyarta.

Na uku. Muka zauna a gidansa, ni da shi da Salamatu, gaban liman da shaidu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nawa. Aka rubuta cewa mun yarda a daina cire kuɗin. Ni da Salamatu muka sa hannu, shi kuma ya dangwala yatsan hagu. Wata bakwai ke nan.

Na huɗu, abin da ofishinku ya yi da takardar. Zuwan farko akawu ya ce ba a karɓar rubutun hannu, sai an buga da tafireta cikin Turanci. Na biya aka buga, na sake bin shaidu gida gida. Zuwa na biyu aka ce dole mai fanshon ya zo da kansa. Muka ɗauko tasi tun daga Malam, maƙwabta biyu suka hau da shi bene hawa uku a kan kujerar katako. Muka zauna daga ƙarfe tara har la'asar, sannan aka ce jami'in da zai gan shi ya tafi taro. A wannan zama Malam Isiyaka ya ɓata wandonsa a gaban mutane, Amina ta kwance mayafinta ta rufe shi. Ba za mu sake kawo shi ba. Zuwa na uku wata jami'a ta ja ni gefe, ta tambaye ni ko danginsa ne suka tsorata ni, ko kuma komawa gidansa nake shirin yi. Na san akwai matan da ake matsa wa, ban ga laifinta ba, na kuma amsa mata a'a duka biyu. Zuwa na huɗu aka ce dangwalen yatsa bai yi daidai da sa hannun da ke cikin fayil ba. Ranka ya daɗe, hannun da ya yi wancan rubutu ya mutu.

Na biyar. Na ce to bari in daina zuwa karɓa. Akawu ya ce in kuɗin ya yi wata uku ba a karɓa ba, baitulmali za a mayar da shi, ba hannun mai shi ba. Saboda haka kowane ƙarshen wata sai in rufe shago, in zo in bi layi in karɓa, in shiga motocin haya na trotro biyu zuwa Malam, in miƙa wa Amina. Kuɗin mota daga aljihuna yake fita, ɗinkin yini guda kuma ya tafi. Shi yana kwance a kan tabarma yana kallo, in na gaishe shi sai ya juya fuskarsa bango. Kuɗinsa ne, na guminsa, amma yana karɓarsa kamar sadaka daga hannun matar da ya saka. Ni ma ba na jin daɗin shiga gidan.

Kada a ɗauka na zo wanke shi ne. Abin da ya yi mana a da ya yi, kuma tsakanina da shi babu komai sai wannan yarinya. Abin da na ce kawai shi ne, ni aka yanke wa haƙƙin nan saboda 'yata, 'yar ta girma ta ce ta yafe, ni ma na yafe. Ban san wanda ofishinku yake karewa yanzu ba.

Ga roƙona. A karɓi takardar yarjejeniyarmu yadda take, a rubuta wa masu biyan fansho su daina cirewa daga wata mai kamawa. In lallai sai an ga Malam Isiyaka ido da ido, a turo jami'i ɗaya Malam, ni zan biya masa kuɗin mota, liman kuma ya yarda ya raka shi. In Salamatu kuke son ji daga bakinta, a sa rana, za ta nemi izini a makaranta ta zo. Sannan ina roƙo a sauko da tebur guda ƙasan bene saboda marasa lafiya da tsofaffi, domin ba mu kaɗai na gani ana ɗauka ba.

Satin da ya wuce ciwon ya sake taso masa, likita ya ce wa Amina su yi ta addu'a. Na tambayi akawunka abin da zai faru in mai fansho ya rasu, ya ce ai nan take ake rufe fayil, ba a neman wata takarda. Ina roƙonka ka sa hannu kafin a kai ga haka.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Hajara Adamu,
Maamobi, Ankara.