Buhun Shinkafar da Ke Hayo Mana Gada

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka ɓoye sunana, domin mu Hausawan Injamena ba mu da yawa, sunan kakana kawai zan faɗa a gane ƙofar gidanmu. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana goma sha ɗaya abinci ba ya shiga mini da daɗi.

Ni bazawara ce, 'yata ɗaya, muna zaune da mahaifiyata a unguwar Ambassatna, gidan da babanmu ya bari. Mu biyu muka rage wa Inna, ni da yayana. Shi mahauci ne kamar babanmu, kuma tun farkon shekarun casa'in ya koma Kusseri da iyalinsa. Ga wanda bai san nan ba, Kusseri Kamaru ce, amma kogi kawai ya raba mu, ka fita da hantsi ka dawo kafin azahar. Tun shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta karye kaya suka yi tsada, duk wata sai buhun shinkafa da jarkar mai sun hayo gadar Ngeli sun iso gidanmu, fiye da shekara goma bai taɓa fashi ba. Idan ya zo da kansa kuwa, sai babbar riga mai sitati da turare, ya raba wa yaran maƙwabta 'yan canji. Inna duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa buhun, ta ce Kamaru ƙasar arziki ce, ɗanta ya tsallake wahala, mu ne nan muka zauna da zafin rana. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, haushi nake ji. A raina cewa nake mutumin da ke kayar da sa kullum, buhu ɗaya wani abu ne da za a dame mu da shi? Har marowaci na sha kiransa a zuci. Tunda ya ɗauke mana abinci, sai na riƙa tara albashina, na sayi ɗan fili a Tukra, ban gaya wa kowa ba.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a nan tun ana ce wa garin Farlomi, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, ya mutu bai ƙarasa ba. Inna kullum cewa take mu matafiya ne da muka yada zango, wani a cikinmu sai ya ƙarasa wa tsohon tafiyarsa. A ƙaramar Sallah da ta wuce, gaban dangi, ta dubi Yaya ta ce tana so ya biya mata Hajjin bana tun ƙafafunta na ɗaukarta. Ya sunkuyar da kai ya ce insha Allah an gama. Aka yi ta guɗa, ni ma na ce ai lokaci ya yi da zai saki hannu.

To ga inda matsalar take. Ni aikina buga takardu a kwamfuta, kuma bana na samu aiki a wani ofishin bincike da ke auna tazarar da ke tsakanin masu hali da marasa hali, a Chadi da Kamaru da Nijar, don a ga inda tazarar ta fi faɗi. Yadda shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya bayyana mana, ana jera gidaje ne daga mafi ƙunci zuwa mafi wadata, a yanka layin gida biyar, a duba abin da na sama ke ci da abin da ya rage wa na ƙasa. Da yake ba wanda zai gaya maka gaskiyar abin da yake samu, kuma farashi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a bi ta tukunya: me kuka ci a kwana bakwai, sau nawa aka ɗora girki, bakin mutum nawa, yara nawa ke makaranta, me kuka aika wa wani, me aka aiko muku. Ranar farko aka sa muka sa hannu cewa abin da muka gani sirri ne, ni har wallahi na ƙara da bakina ba wanda ya tambaye ni. Ana cire shafin suna kafin takarda ta iso teburina, lamba kawai nake gani. Takardun garuruwan bakin iyakar Kamaru mu ake kawo wa, tunda mun fi kusa.

Ina cikin bugawa ranar wata Talata, hannu na tafiya hankali na wani wuri, sai na ga maigida haifaffen Injamena, Bahaushe, mahauci. Na ce ai suna da yawa. Na ga tagwaye mace da namiji masu shekara tara, na ga surukuwa makauniya a gidan, kamar dai gidan Yaya. Da na kai layin da aka rubuta "aike zuwa ƙasar waje" sai ga shi: buhun shinkafa, jarkar mai, duk wata, ga mahaifiya. Ashe mu ne ƙasar waje. Na koma baya na karanta a hankali. Girki sau ɗaya a rana. Shinkafa a kwana bakwai, babu. Nama a kwana bakwai, a gidan mahauci, babu. Babbar 'yarsa da yake gaya mana tana kolej, an rubuta ta bar makaranta bara. Na daɗe ina buga irin waɗannan takardu, na san inda gida irin wannan ke faɗawa a layin, can ƙasa ne. Na lissafa gidanmu a raina da irin ma'aunin, baki uku, albashi, ga buhu daga waje, sai na ga mun ba shi tazara mai nisa. Buhun da ya ɗaga mu shi ya danne shi. Na shiga banɗakin ofis na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba.

Duk da haka na ce ƙila wani ne. Mu dai duk zuwanmu Kusseri sai mun aika tukuna, mu tarar da farfesu da lemo. Ranar Lahadi na haye ban gaya wa kowa ba. Ba ya nan, na tarar da yara sun kewaye kwanon koko da azahar, matarsa ta gan ni ta daskare da ludayi a hannu. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce shekara huɗu ke nan rabon da ya yanka nasa, tun wani garke da ya saya ya mutu masa a hanya, yanzu fiɗa yake yi wa wasu a mayanka a sallame shi da yamma. Buhunmu shi ake fara cirewa kafin a san abin da za a ci. Rigar nan ita ce guda ɗaya, a leda take sai ranar hayowa. Na tambaye ta to Hajjin fa, ta ce gidan zai sayar, ɗaki biyun da suke ciki, mai saye zai zo ƙarshen wata, su koma haya. Da zan fito ta riƙe mini mayafi ta ce, "Don girman Allah kar ya ji kin zo. In ya san kun sani, ba zai sake iya haye gadar nan ba."

Na gwada ta bayan fage, ba ta yi ba. Na ce wa Inna me zai hana a bari sai baɗi, ta hau ni da faɗa, wai hassada nake yi wa ɗan uwana tun muna yara, wai ni me na taɓa ajiye mata banda takardun ofis, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na buga wa Yaya waya na ce ina so in sa hannu a kuɗin kujera, ya yi dariya irin tasa ya ce in riƙe 'yan kuɗina in yi wa 'yata hidima. Da na matsa sai murya ta canza, ya ce, "Ni Inna ta tambaya, ba ke ba." Ya kashe.

Yanzu kaina ya kulle. Idan na sayar da filin Tukra zai kusa isa, kuma wallahi na yarda in sayar, dama da shinkafarsa na saye shi. Amma ta wace ƙofa kuɗin zai shiga? In na ba shi sai ya tambayi dalili, in na faɗi dalili na tona wa matarsa asiri, na karya rantsuwata, aikin ma zai iya tafiya. In na gaya wa Inna gaskiya na san ta, za ta fasa Hajjin, ta hana a kawo buhun, kuma duk shinkafar da ta ci shekarun nan za ta dawo ta tsaya mata a rai, ga ta da hawan jini. Shi kuma na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa, wato yadda uwarsa ke kallonsa. In na yi shiru, ƙarshen wata yara bakwai da makauniya za su fita daga gidansu ina kallo. Shef ɗinmu ya ce idan an gama za a fitar da lamba ɗaya ga kowace ƙasa a kwatanta. Ni dai gida biyu na kwatanta, na rasa barci.

Malamai na cikin zauren nan, rantsuwar da na yi ta hau kaina ko da ɗan uwana zai rasa muhalli? Maza, in ku ne shi, gara ƙanwarku ta same ku ku biyu ta ce ta sani, ko ta nemo wani dattijo ya kawo kuɗin da sunan wani abu? Akwai hanyar da zan tsayar da cinikin nan ba tare da na tsiraita shi ba? Kwana tara ya rage. Jiya da safe buhun wannan watan ya iso, Inna ta sa masa albarka ta ce in kwance in auna na rana. Na ce mata kaina ke ciwo. Yana nan jingine a bakin ɗaki, har yanzu ban iya taɓa zaren ba. Don Allah ku gaya mini abin da zan yi.